Kujerar Sandunan Folo

Ran da Sadiyatu ta fara ganin Lawwali, fuskarsa baƙi ƙirin take da gawayi. Ta rako Gwaggonta Kaltume maƙerar Ƙofar Marke karɓar wuƙa, sai ga saurayi durƙushe yana dukan jan ƙarfe kamar da shi suka yi faɗa.

"Sannu, Sarkin Hayaƙi," ta ce, tana ƙunshe dariya.

Ya ɗago. Gudumar ta kusa sauka a yatsansa.

Lawwali ba maƙeri ba ne, ɗan mai hatsi ne, sha'awa ce kawai ke kawo shi bayan la'asar. Turawa ba su daɗe da kafa bariki a Sakkwato ba. Idan sun yi folo, ƙwallon nan ta kan doki, sai su yar da karyayyun sanduna da ƙarafan raga. Shi kuwa ya kwaso, ya haɗa ƙarfe da ƙarfe a wuta, ya fitar da kujera ko gado.

So ya shiga tsakaninsu, Gwaggo Kaltume ce mai kai saƙo. Amma mahaifin Sadiyatu, Malam Gidaɗo na Ƙofar Atiku, ya ƙi cewa komai. Ga kuma Jibrin mai tufafi, shi ma yana neman ta, kullum yana zaure da gaisuwa.

Tsoro ya sa Lawwali ya yi wauta. Ya ƙera kujera doguwa da sandunan folo, irin ta Razdan, babban Baturen lardi, ya kai wa Malam kyauta gaban almajiransa manya. Malam da ke zaune kan buzu ya dube ta daga ƙasa har sama.

"Ni za ni hau wagga in leƙo kan mutane? Ɗauke ta."

Kafin magariba Jibrin ya baza cewa Lawwali ya yi wa Malam ba'a da kayan wasan Nasara. Aka ce ran Juma'a Malam zai ba da Sadiyatu, kuma kowa ya san ba ɗan mai hatsi za a ba. Lawwali ya kasa cin tuwo. Gaskiya abin tausayi ne, duk da shi ya jawo.

Ran Laraba Gwaggo Kaltume ta zo maƙera da sauri.

"Ɗiyata tac ce in gaya maka: 'Sarkin Hayaƙina, kwana nike ina kuka. Baba ba sandunan yaƙ ƙi ba, tsawon yaƙ ƙi. Bayanai na ciwo, bango shika jingina. In kana sona, sauko da kujerar ƙasa.'"

"Gwaggo, ce mata hasken idona ta bar kuka. In ƙarhen ya tsage hwa, na shiga uku."

"To kar ya tsage."

Lawwali ya yanke ƙafafun kujerar duka. Ya mayar da mahaɗin wuta, yana kaffa-kaffa, don ƙarfen da ya sha wuta sau biyu ba ya da tabbas. Ya buga a hankali har ya kama. Abin da ya rage majingini ne kawai, wanda ake ajiyewa a ƙasa.

Ran Alhamis ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa.

"Allah shi gafarta Malam, na yi kuskure. Ga ta na rage mata girman kai."

Malam ya shimfiɗa buzunsa a kai, ya zauna, ya jingina. Ƙarfen ya yi ƙara, ran Lawwali ya kusa fita. Bai karye ba.

"Wa yag gaya maka bayana na ciwo?"

Lawwali ya sunkuyar da kai. Idan ya faɗa, ya tona Sadiyatu. Sai ya ƙi faɗa.

Malam ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi murmushi.

"Mutum ɗaya ab bisa duniya yas san haka, ita ka gasa mini shi. Kuma ka ƙi kama sunanta. Turo magabatanka gobe."

Bayan sallar Juma'a aka shafa fatiha. Malam ya ɗaga hannu ya ce: "Na ba ka ɗiyata, Lawwali. Yadda ka rufa mata asiri gabana, Allah shi rufa muku naku, shi ba ku zuri'a mai albarka."

Daga cikin gida Gwaggo Kaltume ta rangaɗa guɗa, Sadiyatu ta rufe fuska tana kukan daɗi.