Numfashin Ɗan Masunta

Ranar da Taufiq ya fara ganin Humaira, hancinsa a matse yake da ɗan maƙali, bakinsa kuma cike da bututun roba. Kai, wannan ba shigar da saurayi zai so budurwa ta gan shi da ita ba ce!

Kocinsu ne ya kwaso su daga Argungu, su samarin da za su shiga wasannin ruwa na Kabanci, ya kawo su wani ɗakin gwajin 'yan wasa a Birnin Kebbi. A nan ake auna huhu da bugun zuciya kafin a bar mutum ya shiga gasa. Humaira ce ke kula da na'urorin.

"Hura da ƙarfi, Malam," in ji ta. "Ci gaba, ci gaba... Har yanzu da saura?" Ta dubi allon kwamfuta, ta dube shi. "Kai mutum ne ko giwan ruwa?"

Dariya ta ƙwace masa har bututun ya faɗi.

Sai aka zo gwajin riƙe numfashi, fagensa ke nan, don a gasar nutso ba a taɓa kai mutanen gidansu daɗewa a ƙarƙashin ruwa ba. Ta miƙa masa abin auna iskar jini ya maƙala a yatsa. Kafin ta ce fara, gogan naka ya shiga jan numfashi da sauri da sauri kamar zuga-zugin maƙeri, sannan ya kame baki.

Lambobi suka yi ta sauka a allo. Shi kuwa har da murmushi, wai shi mai burge 'yar Birni.

"Saki haka nan!" in ji Humaira. Bai saki ba. Kansa kawai ya langaɓe gefe.

Da ya buɗe ido sai ya ga likitan wurin a kansa, Humaira kuma idonta ya kawo ruwa.

"Na ci?" ya tambaya.

"Suma ka yi," in ji ta.

"Ni? Wallahi ban ji komai ba."

"Abin tsoron ke nan. Hakin nan da ka yi da farko yana hana jiki jin cewa iska ta ƙare. Yau a kujera ka suma, ka tashi. A ƙasan kogi fa?"

"Haka Baba ya koya mini, shi ma haka kakana ya koya mishi."

Likita ya ce huhunsa lafiya lau, amma da wannan dabarar ba zai shiga gasa da yawunsa ba. Taufiq ya koma Argungu ba izini, sai dai da lambar wayar Humaira a aljihu, kuma in ka tambaye ni ba a yi asarar kuɗin mota ba.

Saƙonsa na farko ya ce: "'Yar Birni, kin auna huhuna kin auna zuciyata, amma ba ki gaya mini wa kika gani a ciki ba."

Ta amsa: "Giwana, na'urarmu ba ta nuna wannan. Ka zo gidanmu ka yi bayani da bakinka."

Ya kuwa zo, ya yi ta zuwa, har masu Keke Napep na unguwarsu suka san shi. Mahaifinta, Malam Muhammad Sani, ya yaba da hankalin yaron, ya ce ya turo magabatansa. A nan fa gizo ya yi saƙa.

Baba Usmanu, mahaifin Taufiq, tsohon gwanin nutso ne, kuma labari ya riga ya zaga bakin kogi cewa ɗansa ya suma a gaban mace.

"Wagga yarinya da ta kunyata gidana za ni tahi nema maka?" in ji shi. "Ka shiga ruwa yadda ubanninka suka shiga, ka wanke mini suna. In ba haka ba, ƙafata ba ta taka Birni."

Humaira kuma, da Taufiq ya gaya mata, ta yi kuka har ta gode Allah. "Na ga lambobin da idona, Taufiq. In ka yi hakin nan ka nutse, to ka manta da ni. Ba zan zauna a bakin ruwa ina jira ko za ka fito ba."

Gaba kura, baya sayaki. Ga shi wani Abbas, mai fataucin albasa, ya fara sintiri a ƙofar gidansu Humaira, magabatansa a shirye. Malam bai matsa mata ba, ya dai ce ba za a bar mutane tsaye har abada ba, in Kabanci ya wuce shiru zai saurare su.

Taufiq ya rame. In ya fita da kwale-kwale sai ya zauna da homarsa ta kamun kifi a hannu, ya manta da jefawa. Ya tura mata: "Ni ɗan ruwa ne, amma ban taɓa jin numfashi ya yi mini wuya irin na kwanan nan ba. Ba na iya saɓa wa Baba, ba na iya rabuwa da ke."

"Ni ma a ɗaure nake, Giwana," ta amsa. "Gara ka rayu kana fushi da ni."

Baba Usmanu ya gaji da ganin ɗansa yana juya cokali a tuwo. Wata safiya ya saɓa babbar riga ya ce, "Tashi ka kai ni in ga ƙarfen da ya fi ni sanin ruwa."

Da suka isa ɗakin gwajin, Humaira ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ya amsa a daƙile, ya zauna a bakin gadon gwaji, ya ɗauki abin awon da kansa ya maƙala a yatsa.

"Baba, don Allah kar ka yi. Shekarunka..."

"Tun ba a haifi uwarki ba nike wanga abu."

Likita ya roƙe shi, Taufiq ya roƙe shi. To, wa zai hana mutum riƙe numfashin kansa? Tsoho ya zuga ƙirji, ya kame baki, ya kafa wa Humaira ido. Lambobi suka fara sauka, ita kuma tana ta "Baba saki, Baba saki", har ya sulale a jikin ɗansa.

Bai daɗe ba ya farfaɗo. Ya ga hularsa a ƙasa, ya ga kansa a kan cinyar Taufiq.

"Mi ya kwantar da ni?"

"Suma ka yi, Baba," in ji Taufiq.

"Ƙarya ne! Ko ƙaiƙayin numfashi ban ji ba." Ya daɗe yana kallon yatsan da abin ke maƙale.

"Ke ɗiyata," ya ce a hankali, "in cikin ruwa ne, mutum ba shi ko motsi?"

"Ba ya yi, Baba. Kamar barci ne."

"Ƙanena Abu," in ji tsoho. "Muna samari muka nutse tare, na fito bai fito ba. Ruwa ko girgiza bai yi ba. Aka ce mutanen ruwa suka riƙe shi, na yarda." Hawaye ya bi gemunsa. "Ni na tsaya kanshi ranar ina ce mishi ƙara ja, ƙara ja. Shi ne nike son in tura ɗana."

Humaira ta ɗauko hular ta kakkaɓe, ta miƙa masa da hannu biyu.

Daga ɗakin gwajin ko gida bai koma ba, gidan Malam Muhammad Sani ya ce a kai shi. Ya ba da haƙurin zuwa hannu rabbana, ya ce goro na nan tafe, shi dai tsoro yake kar a riga shi.

Bayan Kabanci aka ɗaura aure. Taufiq ya shiga gasar da numfashin da Allah ya ba shi, wani yaro ɗan garin Gulma ya fi shi daɗewa, kuma Baba Usmanu ne ya fara miƙa wa ɗansa hannu ya jawo shi kan tudu.

Da aka kai amarya Argungu, aka kai ta gaida surukinta, tsoho ya dafa kan ɗansa, ya dubi Humaira cikin lulluɓinta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku ɗiya masu yawan rai. In sun tasa, ni zan koya musu iyo. Ke kuma ki tsaya bakin ruwa, in kin ce su fito, su fito."

Ɗaki ya ɗauka da amin, mu ma muna taya su: Allah ya ba da zaman lafiya.