Gimbiya Biyu a Gida Ɗaya

Auta ta shiga shagon kifin ado don ta saya wa mahaifinta abin ɗebe kewa, tunda ya ajiye tuƙin mota ya koma zaman falo. Mai Gilashi, saurayin da ke haɗa akwatunan ruwa a shagon, yana ganinta ya manta da tiyo a hannunsa har ruwa ya cika masa takalmi.

Ta nuna wata 'yar kifi mai ruwan azurfa, da ƙaya a tsaye a baya irin ta shak, mugun kifin nan na teku.

"Tana cizo?"

"Kama ce kawai, matsoraciya ce. Amma tana girma ta kusa kamu guda, kuma ba ta zama ita kaɗai."

"Wa ke son zama shi kaɗai?" in ji Auta, ta sunkuyar da kai.

Ta sayi guda biyar. Babbar cikinsu ita da Mai Gilashi suka raɗa mata Gimbiya a tsakaninsu, sunan da Baba ke kiran Auta da shi tun tana goye.

Kifaye suka girma, soyayya ma haka. Baba ya shaƙu da kifayen, amma batun aure ya ƙi ji. "Ba na ba da 'yata ga mai wasa da ruwa. Ga ɗan maƙwabcinmu can, mai ofis."

Ran nan da hantsi Auta ta bar wayarta a falo, sakaci irin na yaran yanzu. Saƙo ya shigo, Baba ya karanta:

"Haskena, gidan nan ya yi wa Gimbiya kaɗan. In aka ci gaba da takura ta, tsalle za ta yi ta fice. Ina tafe da mota, na shirya mata babban wuri. Kar Baba ya sani tukuna."

Baba ya ɗauko sanda ya zauna a bakin ƙofa.

Mota ta tsaya, Mai Gilashi ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne mai ɗauke Gimbiya?"

"Ni ne, Baba. Jiya ma ta buga kanta a murfi."

"Murfi?"

Sai ga fatsam daga falo, Auta ta fito a guje. "Baba, ta faɗo!" Kifar ce a ƙasa tana mutsu-mutsu. Kafin kowa ya motsa, tsoho ya yar da sanda ya tallabe ta da hula ya mayar ruwa.

Da ya leƙa bayan motar, ya ga akwatin gilashi mai tsawon gado, da murfi mai sakata. Ya daɗe yana shafa shi.

"Nawa ne?"

"Kyauta ce, Baba."

Baba ya matse hularsa. "Wanda ya damu da numfashin kifi ba zai ƙuntata wa mutum ba. Ka turo magabatanka. Amma ka ji ni da kyau: ɗaya za ka ɗauka, ta ruwan tawa ce."

Aka ɗaura aure, Baba ya sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da gida mai fili.