Gwal a Bayan Takardar Bango

Sufeto bai gama shan shayin safe ba Saje ya leƙo ya ce an kawo ƙarar sata, kuma har an kamo ɓarawon. Sufeto ya ture kofin gefe. A duk aikinsa babu abin da ke ɗaga masa hankali kamar ɓarawon da aka samu tun kafin a fara bincike.

Saje ya zayyana labarin a tsaye. Wani dattijo ne aka kwantar a asibiti don aikin ido. 'Yarsa ta ce bari ta faranta masa, ta sa a canja tsohuwar takardar bangon ɗakinsa kafin ya dawo. Ashe a cikin bangon akwai wani tsohon ramin mitar lantarki, wanda dattijon ya rufe da falanki ya manne takarda a kai, kuma a nan ya ɓoye gwal ɗin marigayiya matarsa. Jiya da aka sallamo shi ya ga sabon bango, ya ɗauki wuƙa ya farke wurin, ya tarar da gwangwanin da ya zuba gwal ɗin a ciki wayam.

"Shugaban ofis ya ce gobe da safe a kai mutumin kotu," in ji Saje. "Ai maganar a fili take, yallaɓai. Wanda ya tuɓe bango shi ya ga rami."

A bayan kantar ofis Sufeto ya tarar da wani siririn mutum, gam ya bushe a gwiwoyin wandonsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Sana'arsa manna takardar bango, shi ya sa ake ce masa Mai Bango.

"Kai ka cire tsohuwar takardar?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Duka?"

"Tas! Na jiƙa, na kankare har sai da filasta ta fito. Na cike ramuka, na goge, sannan na manna sabuwa. Ni ba na aikin algus."

"To, ka ga falankin ke nan."

"Wallahi ban ga wani falanki ba."

"Ka kankare bango har filasta, amma katakon da ya kai faɗin faranti ya ɓace maka?"

Mai Bango ya sunkuyar da kai. Sufeto ya san ƙarya idan ya ji ta, kuma wannan ƙarya ce. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, mutum yakan yi ƙarya don ya fita daga sel, wannan kuwa tasa ƙara tura shi ciki take yi.

Gidan dattijon yana ƙarshen wani layi, mai ƙaramin tsakar gida da igiyar shanya. Baba na zaune a falo da bandeji a ido ɗaya. Kusa da shi 'yarsa ce, Auta, fuska duk ta kumbura don kuka. Na ukunsu Kawu, ƙanin marigayiya, wanda ya zo kwana biyu shekarun baya, har yau bai gama kwana biyun ba.

"Baba, wa ya san da ramin nan?" Sufeto ya tambaya.

"Ni da Auta, ɗana. Sarƙa ce da 'yan kunne da zobba na uwarta. Na ce ta riƙe bakinta."

"Ban gaya wa kowa ba," Auta ta faɗa da sauri, tana kallon tabarma.

Baba ya juyo da idonsa mai lafiya ya dube ta, ya kau da kai. Sufeto ya ga tsoron da ke cikin kallon, ya kuma ji tausayin tsohon.

Kawu bai jira a tambaye shi ba. "Yallaɓai, tun ranar farko na ce idon mutumin nan bai kwanta mini ba. Ni na zauna gadin gida, Auta tana asibiti. Amma tun da ya gama aiki ban taka ɗakin ba, warin gam yana tayar mini da mura."

"Ragowar takardar fa? Ai ba a rasa ragowa."

"Ya kwashe abinsa, ko ƙyalle bai bari ba."

Ɗakin Baba ya yi kyau, ba a ce komai ba. Takardar irin mai fuskar roba ce, wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, launin ƙasa-ƙasa da ƙananan ganyaye. Sufeto ya bi bangon da tafin hannu. Kowane layi bakinsa ya haɗu da na maƙwabcinsa cif, ganye ya faɗa kan ganye, sai ka sa ido sosai kafin ka ga mahaɗar.

Da ya iso layin da ramin yake, sai ya tsaya cak. Wannan layin ya hau kan na gefensa, bakinsa kuma ya ɗage kamar busasshen ganye. Ganyayen sun goce da kusan ɗan yatsa. Ya kai hanci kusa, wani tsami ya buge shi.

Sai ya yi murmushi, domin ya san wannan tsamin farin sani. Bara ya rantse wa matarsa cewa ba zai kira kowa ba, shi zai manna takardar falonsu da kansa, ai ba karatun likita ba ne. Ya dama sitaci ya shafa. Ba a jima ba bango ya yi fumfuna, takarda ta dinga sulalowa a kan baƙi, matarsa kuma ta samu labarin da take ba ƙawayenta har yau. A wannan wahalar ya koyi cewa takarda mai roba ba ta barin danshi ya fita, sai da gam nata na musamman, kuma roba ba ta kama roba.

Ya ja bakin layin a hankali. Bayansa damshi ne sharkaf, da ɗigo-ɗigon baƙar fumfuna.

"Saje, sunsuna nan."

Saje ya yamutsa fuska. "Wannan ai sitacin guga ne, yallaɓai."

Sufeto ya koma bayan ƙofa, inda ido ba ya kaiwa, ya sa reza ya ɗaga kusurwar wani layin. Nan a bushe yake ƙamas. A ƙarƙashin sabuwar takardar kuma, maimakon filasta, sai ga wata siririyar takarda da tsufa ya sa ta yi rawaya, kwance lumui a jikin bango.

Ya dawo bakin ramin ya tsuguna, ya shiga rarrabe gefen da Baba ya farke da bakin reza. A sama akwai layin nan mai tsami. A ƙarƙashinsa wata farar takarda sabuwa fil. A ƙarƙashin wannan kuma sai mai rawayar. Biyun na ƙasa an zagaye su da yanka mai tsafta daidai bakin falankin.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya dubi Saje. "Je ka ɗauko mini Mai Bango."

Kafin azahar Saje ya shigo da shi da ankwa a hannu. Sufeto ya tara kowa a ɗakin, ya nuna bayan ƙofa.

"Mene ne wannan mai rawayar?"

Mai Bango ya dubi wurin. "Bayan tsohuwar takarda ne, yallaɓai."

"Wadda ka kankare tas?"

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Irin wannan takardar hawa biyu ce. In ka kama kusurwa ka ja, robar sama ce ke ɓarewa a bushe, ta bar bayanta manne da bango. Na ga bayan ya kwanta lafiya, ba kumburi, ga hajiya tana sauri kafin a sallamo Baba. Sai na bar shi, na manna a kai." Ya dubi Auta a kunyace. "Kin ce a kankare har filasta, na ce miki na yi. Da aka kama ni kuma na ji tsoron in canja magana, a ce mai ƙarya ɗaya shi ne mai sata."

"Ka ga irinta!" Kawu ya daka tsawa. "Maƙaryaci ne, da bakinsa ya faɗa!"

"Maƙaryaci ne," Sufeto ya amsa, "amma bai taɓa ganin falankin nan ba, don bai tuɓe bangon ba. Ku zo ku duba. Ko'ina hawa biyu ne, nan kaɗai hawa uku. Bayan ya gama aikinsa ya tafi, wani ya zo ya ɓare layin da ya manna, bayan takardar ya rage a bango, ga shi nan fari. Ya yanka, ya buɗe falanki, ya kwashe kaya, sannan ya manna sabon layi da sitaci. Mai sana'a da ya so sata, ai da ya yi tun bango na tsirara, ba wanda zai sani." Ya juya ga Mai Bango. "Ina ragowar takardar?"

"Rabin naɗi ya rage. Na ba Kawu a hannunsa, na ce a ajiye ko wani wuri zai yage."

"Ƙarya yake!"

Sufeto bai ko kalli Kawu ba. "Auta, wa kika gaya wa zancen ramin? Ki dubi hannun mutumin nan kafin ki amsa. Gobe kotu za a kai shi."

Auta ta dubi ankwar, sai hawaye. "Baba, ka yafe ni. Sai da aka fara aiki na tuna da ramin, ga ni a asibiti ba halin in bar ka. Na kira Kawu na ce ya sa ido a bangon gabas, na gaya masa dalili. Da abin ya faru ya ce in yi shiru, kada ranka ya ɓaci da ni."

Ɗakin Kawu yana bayan kicin. Ya tsaya a ƙofa yana faɗin shi dattijo ne, ba a taɓa yi masa irin wannan cin mutunci ba, Saje ya ce masa to yau an fara. A bayan akwati suka samu bokiti da busasshen sitaci a gindinsa. A ƙarƙashin gado kuma ga naɗin takarda mai ƙananan ganyaye, an yanke bakinsa a karkace da almakashi.

Sufeto ya ɗaga naɗin, ya ji nauyinsa ya wuce na takarda. An toshe bakinsa biyu da tsumma. Ya zare ɗaya, ya karkata shi a kan katifa. Sarƙa ta sulalo, 'yan kunne da zobba suka biyo ta.

Kawu ya zauna a bakin gado.

"Kayan yayata ne," ya ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya. Ta rasu, ko zobe ba a ce ga naka ba, aka binne su a bango kamar ba ni da rai. Da Auta ta gaya mini, na yi ta jira in ga Mai Bango ya tono ramin, bai tono ba. Da ya tafi na ce ai ga wanda za a ɗora wa. Na ɗauka takarda takarda ce, ka shafa ka manna."

"Ka san gidan yari za a kai mutumin nan?" in ji Sufeto.

Kawu ya kau da kai.

Aka kai wa Baba kayan a falo. Ya bi su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, ya lalubo hannun Auta ya riƙe gam. "Alhamdu lillahi," ya ce. "Jiya ban runtsa ba, ina tsoron abin da zan ji a kanki. Surutu kawai kika yi, wannan kuwa gadonsa kika yi wurin uwarki." Auta ta yi dariya cikin kuka.

Ankwa ɗaya Saje ya zo da ita, saboda haka ya buɗe ta daga hannun Mai Bango ya maƙala wa Kawu. Mai Bango ya tsaya yana murza wuyan hannunsa, yana kallon kowa.

"Yallaɓai, ni fa? In biyo ku?"

"Ka biyo mu ka yi me? Ka tafi gida. Amma ka sani, ha'incinka ne ya cece ka, kuma ba kullum yake ceto ba."

Mai Bango ya yi taku ɗaya, ya tsaya. Ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, ba ka iya cewa kuka yake ko dariya.

"Ɗana," in ji Baba, "da bakina na kira ka ɓarawo a gaban mutane. Ka yafe ni. Auta, kawo masa ruwa, ki zubo masa abinci, ba zai bar gidan nan da yunwa ba."

Saje ya tasa ƙeyar Kawu zuwa mota. Dole suka raɓa ta gefen Mai Bango, domin ya tare rabin ƙofa, kuma babu wanda ya ce masa ya matsa.