Baƙuwar Ranar Sabuwar Shekara

Saura kwana uku sabuwar shekarar mutanen Sri Lanka, wadda ake yi a Afrilu, suka yi faɗan, a wurin ajiye motoci na bayan shagon kayan miya da ke unguwar Dandenong, a gefen birnin Melbourne. Yalini na rungume da sabuwar tukunyar ƙasa da ta saya, Kosala kuwa daga gareji ya taho, ko rigar aiki bai tuɓe ba.

"Shekara uku, Yali," ya ce. "Shekara uku ina laɓe-laɓe a bayan layinku kamar ɓarawon kaji."

"Ai na gaya masa. Ka san na gaya masa."

"Ya ce me?"

Ai ya san amsar. Tun watan Janairu ta durƙusa gaban mahaifinta ta faɗa masa sunan wanda take so. Appa, kamar yadda take kiransa, ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Ba a gidana ba," ya tashi ya tafi ba shukokinsa ruwa. Bai ƙara tayar da zancen ba, ita ma haka.

Kosala ya goge hannunsa a jikin wando, sannan ya gaya mata abin da ya kawo shi. Wani kamfanin haƙar ma'adinai a hamadar yammacin ƙasar ya ba shi aikin gyaran manyan motoci, kuma suna jiran amsarsa ƙarshen wata. A ƙarshen watan kuma takardar zaman mahaifiyarsa za ta ƙare, ta koma Sri Lanka.

"Ba tsoratar da ke nake yi ba, masoyiyata. Amma in babu ranar da zan jira, gara in je inda ba zan riƙa ganinki a kan titi ba..."

"To ka tafi mana," ta ce, ta shiga motarta.

Sai da ta kai wutar hanya ta biyu kukan ya zo mata.

A Melbourne aka haifi Yalini, kuma sau ɗaya ta taɓa zuwa Jaffna da ke arewacin Sri Lanka. Mahaifinta Sivapalan ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙa bas kafin gwiwa ta zaunar da shi. A garejin kamfanin ta fara ganin Kosala, ranar da ta je ɗauko Appa. Shi kansa Appan ya sha yaba aikin yaron, yana cewa in ya taɓa birki sai ka yi shekara ba ka ji ƙara ba. Amma yabon aiki daban, ba da 'ya daban. Su 'yan ƙabilar Tamil ne mabiya addinin Hindu, Kosala kuwa ɗan ƙabilar Sinhala ne mai bin Buddha.

Kuma akwai Nadesan, yayan Appa, wanda hotonsa ke ɗakin ibada kusa da na mahaifiyarta. 'Yan tarzoma daga ɓangaren Sinhala ne suka kashe shi a ƙofar shagonsu a Colombo a shekarar tamanin da uku, lokacin Appa yana da shekara sha tara. Iyakar abin da Yalini ta sani ke nan. A gidansu ba a jin waƙar Sinhala, ba a zuwa taronsu, in an haɗu a shago sai a yi Turanci a wuce.

Can gidan su Kosala ma ba a yi guɗa ba. Ya ce da ya gaya wa mahaifiyarsa kwana biyu ta yi ba ta ci abinci ba. Babban ɗanta soja ne, ya mutu a arewa shekara ɗaya kafin yaƙin basasa da 'yan tawayen Tamil ya ƙare.

Ranar sha huɗu ga Afrilu gari ya waye da sanyin kaka. Yalini ta share tsakar gida ta baya, ta zana ado da garin shinkafa a ƙasa kamar yadda mahaifiyarta ke yi kafin ta rasu, ta jera bulo uku ta ɗora tukunyar da madara a ciki. Appa ya yi wanka da ruwan ganyayyaki da ya karɓo daga wurin bauta, ya ɗaura sabon farin zane, ya ɗora rigar sanyi a kai. Da lokacin da masu duba taurari suka tsayar ya yi, sai ya kunna wuta.

Madara ta taso ta zubo ta gefen gabas. Appa ya ce alama ce mai kyau. Yalini ta ce haka ne, ta zuba shinkafa da mazarƙwaila. Kwana uku ke nan Kosala bai kira ba.

Suna shirin zama cin abinci aka buga ƙofa.

Wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, cikin farin zanen sari da takalmin gudu da ya yi mata yawa. Tana riƙe da faranti a lulluɓe da ƙyalle, da wata takarda mai ɗauke da adireshin gidan. Yalini ba ta taɓa ganinta ido da ido ba, amma ta san goshin da girar.

"Ke ce Yalini," matar ta ce da Tamil, irin na kasuwa. "Kin fi hoton rama. Babanki na nan?"

Appa ya riga ya iso bayanta. Matar ta haɗa tafukanta a ƙarƙashin farantin ta gaishe shi da Aiya, wato ranka ya daɗe, ta ce sunanta Somawathi, ita ce uwar Kosala. Ta ce bas biyu ta hau, kuma ɗanta bai san ta fito ba.

Appa ya daɗe yana tsaye, hannunsa a kan ƙofa. Amma ranar sabuwar shekara ce, ba a mayar da baƙo, balle mai abinci a hannu. Ya matsa gefe.

Somawathi ta tuɓe takalmi ta shigo. A farantin akwai shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa aka yanka gunduwa-gunduwa, da soyayyar wainar garin shinkafa mai zaƙi, da ayaba. Ta leƙa ta taga ta hango tukunyar a kan bulo, ta tambaya ta ina madarar ta zubo. Da aka ce gabas sai ta gyaɗa kai, ta ce tasu a kan murhun lantarki suka dafa, ta zubo ta ko'ina har ƙararrawar hayaƙi ta tashi.

Babu wanda ya yi dariya. Yalini ta kawo shayi.

Appa ne ya fara tambaya, cikin sanyin murya, inda ta koyi Tamil. Ta ce a Kataragama ta tashi, garin da ake zuwa ziyarar ibada. Babanta yana sayar da farantan 'ya'yan itace na hadaya a bakin kogi, kuma rabin masu sayen mutanen Jaffna ne da suka tako da ƙafa wata biyu. Ta ce in ba ka jin Tamil ba za ka iya ciniki da su ba, in ma kana ji ba za ka ci riba ba.

"Kathirkamam," Appa ya gyara mata sunan zuwa na Tamil.

"Duk ɗaya, Aiya. Kogi ɗaya muka yi wanka."

Ashe ya taɓa zuwa, yana ɗan shekara tara, shi da Nadesan da kakarsu. Yalini ba ta taɓa jin wannan ba. Ya tuna giwar da ke ɗaukar akwatin abin bautarsu Murugan a lokacin biki, da masu taka garwashi, da birin da ya fizge masa mangwaro. Somawathi ta ce jikokin birin suna nan, halinsu bai sake ba.

Daga nan gardama ta ɓarke a kan Valli. Kowa a ɗakin ya san labarin: 'yar mafarauta ce mai korar tsuntsaye a gonar gero, Murugan ya zo mata a siffar tsoho ta ƙi shi, sai yayansa Ganesha ya fito daga daji a matsayin giwa, tsoro ya sa ta maƙale tsohon ta yarda da aure. Appa ya ce labarin Tamil ne tun fil azal. Somawathi ta ce ita dai ta san kogon da yarinyar ta zauna, kuma a ƙasarsu yake.

"Naku ne ya ƙetaro, ya yi dabara da giwa ya ɗauke mana 'ya," ta ce. "Ba mu kai ƙara ba. Gida ma muka gina mata kusa da nasa. Yanzu namu ya ga taku, ko giwa bai kawo ba, kai kuma ka rufe ƙofa."

Appa ya ajiye kofinsa.

"Ba labarin tsuntsaye da gero ba ne tsakaninmu da ku."

"Na sani."

Ta juya ta kalli ƙofar ɗakin ibada da ke buɗe, inda fitila ke ci a gaban hotuna biyu. Ta ce ita ma tana da hoto irin wannan a gida. Sunansa Lalith, shekararsa ashirin, kuma akwatin da aka kawo mata ba a bari ta buɗe ba. Ta ce da Kosala ya faɗa mata zancen Yalini ta rantse ba za ta ga yarinyar ba. Amma kwana ukun nan ta ga ɗanta yana cusa kaya a jaka yana fitarwa, ko abincin sabuwar shekara bai taɓa ba.

"Na ba da ɗaya ba a tambaye ni ba, Aiya. Wannan kuma ni za a tambaya... ba zan tura shi cikin hamada da hannuna ba."

Sai Appa ya buɗe baki ya yi magana da Sinhala.

Yalini ta ɗago kai. Tun da take ba ta taɓa jin harshen nan a bakinsa ba, ba ta ma san ya iya ba. Da farko kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, daga baya suka zubo. Ba ta gane komai ba sai sunan Nadesan da na Colombo. Ya yi kusan minti goma yana magana, idonsa a kan tebur. Somawathi ba ta katse shi ba. Da ya gama ta share fuskarta da gefen sari, ta gutsuri shinkafar da ta kawo ta ɗora a farantinsa. Ya ci.

Da za ta tafi Yalini ta wanke farantinta ta cika shi da tasu shinkafar mai zaƙi da ƙosan wake. Somawathi ta kama haɓarta ta juya fuskarta hagu da dama, ta ce, "Ki riƙa cin abinci, 'yata." Appa ya ɗauki makulli ya ce babu wanda zai hau bas biyu daga gidansa a rana irin ta yau.

Kosala na tsaye a ƙofar gidan yayarsa, inda uwarsa ta sauka, da waya a kunne, ya kira duk wanda ya sani yana neman uwarsa. Da ya ga wanda ke tuƙin sai wayar ta sauko a hankali. Appa ya sauke gilashi.

"Kai, ba ka iya gaisuwa ba ne?"

Kosala ya gaishe shi yana in'ina.

"Ranar Lahadi da rana ka zo gida. Ka aske gemun nan. Kuma ka kira mutanen hamada ka ce su nemi wani."

A hanyar komawa Yalini ta kasa haƙuri, ta tambaye shi abin da ya gaya wa matar. Ya samu wuri kusa da filin wasan yara ya tsayar da mota.

Ya ce ranar da aka kashe Nadesan shi ya tsallake katanga ta baya ya faɗa gidan wasu 'yan Sinhala da bai sani ba. Matar gidan ta tura shi bayan itacen girki, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa masu adduna ba ta ga kowa ba. Kwana biyu tana ba shi abinci a ɓoye. Da mota ta zo kwashe mutane zuwa sansanin 'yan gudun hijira ya fita bai waiwaya ba. Bai yi mata godiya ba, bai tambayi sunanta ba. Ko mahaifiyar Yalini bai taɓa gaya wa ba.

"Me ya sa, Appa?"

"In na tuna da ita ba na iya ƙin su duka. Ni kuma ƙin su duka ya fi mini sauƙi." Ya share hanci da bayan hannu. "Kada ki ɗauka na yafe, 'yata. Ban yafe wa kowa ba. Amma yaron nan ko haifarsa ba a yi ba a lokacin."

Ta kifa kanta a kafaɗarsa ta yi kuka, shi kuma yana ta kallon gaba yana bubbuga bayanta, har wata mata mai tura keken jariri ta tsaya ta tambaya ko lafiya.

A watan Nuwamba aka yi bikin. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ƙanwar Appa da ke Toronto ta ƙi zuwa, wasu tsofaffin abokansa biyu sun daina gaishe shi a wurin bauta. Ranar da aka je karɓar albarkar malaman Buddha, Appa ya kai su har ƙofa ya zauna a mota da jarida. Somawathi, wadda ta dawo musamman don bikin, ta fito ta ɗaura masa farin zaren albarka a wuyan hannu ta tagar motar, bai hana ta ba.

Washegari a gaban wutar ɗaurin aure irin na Hindu, da mai ɗaurin aure ya ce uba ya miƙa 'yarsa, Appa ya kama hannun Yalini ya nufi na Kosala da shi. Sai ya kasa saki. Aka jira, mai ɗaurin auren ya maimaita, bai saki ba.

Kosala bai ja hannunta ba. Ya sa tafukansa biyu ya riƙe hannun uban da na 'yar tare, ya ce wa mai ɗaurin auren ya ci gaba a haka.