Ƙamshin Aro

Falta na sa ƙafa a gidan sunan ta ja ta tsaya cak.

Ƙamshinta ne ya tare ta a bakin ƙofa, alhali ita yanzu ta shigo!

Ba kama ba ce, shi ne. Turaren da saurayinta Kamaruddeen, Kamal ɗinta, ya ba ta, wanda ya rantse kaf Minjibir babu mai irinsa. Kuma ba yanzu aka fesa shi ba, don kaifin farkonsa ya tafi. Mai shi tun safe take cikinsa.

"A'a, Falta! Sannu da zuwa..."

Tahira ce, 'yar ƙanwar mahaifiyar Kamaruddeen, wadda ta dawo gidan su Kamaruddeen da zama tun farkon damina. Ta rungume ta tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Kin ji mu kamar tagwaye ko? Ai ni na raka Yaya Kamal shagon, ni na zaɓa. Biyu na sa ya saya."

Falta ta yi murmushin yaƙe, wanda ya fi kuka ciwo. Ko jaririyar ba ta ɗauka ba ta juya.

Su Falta 'yan Barno ne da suka daɗe a ƙasar Kano. Hausa ta cinye bakinsu, amma ba ta taɓa kaskon turarensu ba. Kakarta, Ya Gana, ita ke haɗa humrar gidan, da farcen turare da sandal da wani abu da ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba. Wannan humrar ce ta tsayar da Kamaruddeen, ɗan kasuwar wake a Dawanau, ranar da ya zo awo ƙofar gidansu. Ya manta kwanon da yake ƙirgawa, aka yi ta yi masa dariya.

Inna Kaltume, mahaifiyarsa, ita ba ta yi dariya ba.

"Asiri ne a kwalba! Wa bai san matan Barno ba? Ta ajiye abin nan har kaka. In ka ci gaba da sonta, ni da kaina zan haɗa lefe."

Sai ga shi da la'asar a soronsu, da kwali mai ruwan zinare a hannu.

"Faltata, ki taimake ni. Ki ajiye humra, ki riƙa sa wannan. Daga Dubai aka kawo shi."

"In ajiye humrar Kaka?"

"Na ɗan lokaci ne, hasken idona. Ni ko manja kika shafa ina sonki!"

Soyayya ba ta da kunne. Ta karɓa.

Gaskiya turaren ba na wasa ba ne. Da ta fesa a wuyan hannu sai ya buɗe da kaifi, kamar an ɓare lemo a ɗaki. Kafin ta gama shara ya koma furen wardi da yasmin, mai sanyi, mai sa mace ta gyara tafiya ko ba kowa a wurin. Can da yamma sai ya kwanta, ud da ambar da miski, ɗumi-ɗumi a fata. Washegari ma yana nan a gyalenta.

Ya Gana ta kama hannunta ta shinshina, ta taɓe baki.

"Wanda ya haɗa shi gwani ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma fuska uku gare shi, 'yar nan. Kada ki yabi turare da sallamarsa, bari ki ga yadda yake ban kwana."

"Kaka, kishi kawai kike yi!"

"Allah ya sa."

Falta ta naɗe kwalbar humrarta a tsumma ta tura ƙasan akwati. Gero ya fitar da kai, ya nuna, aka fara yanka. Zuwan Kamaruddeen kuwa sai raguwa yake yi. Yau wake ya yi tsada, gobe mota ta lalace a Bacirawa. In ya zo ma, ba ya lumshe idon nan da ya saba in ta shigo soro.

Sai ranar sunan ta gane dalili. Me zai lumshe wa ido? Ƙamshin da yake baro kasuwa dominsa, shi ke kai masa ruwan alwala a gida, shi ke ajiye masa tuwo, shi ke miƙa masa hula da safe. Tahira ba ta je wurin boka ba, ba ta zagi kowa ba. Ƙamshin Falta kawai ta raba biyu, ta ɗauki rabin da ke kusa.

Bayan sunan, sai ga Kamaruddeen ya zo. Ya zauna a bakin tabarma yana murza makullin mota.

"Tahira ta ce kin yi fushi..."

"Kamal, kalle ni. Kana sona?"

Ya ci gaba da murza makullin.

"Kamal!"

"Wallahi ban sani ba, Falta. Da, in na tuna ki ƙirjina har zafi yake yi. Yanzu in na rufe ido sai in rasa wacece a cikinku." Ya kawar da kai. "Inna ta ce kaka ta yi. Ta ce ga shi na gani da idona. Suna maganar Tahira..."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"To me ya kawo ka?"

Ya matso kusa da ita.

"Ki shafa humrar nan. Sau ɗaya tak, Faltata. Ko zuciyata za ta dawo."

Nan ne abin ya soke ta har ƙashi. Duk baƙar maganar Inna Kaltume ba ta yi mata ciwon wannan roƙon ba. Ashe shi ma ya yarda asiri ne! Kuma humrar na nan, ɗaki ɗaya ne tsakaninsu. Ta san in ta shafa zai lumshe ido, wataƙila ma ya je ya yi rigima a gida. Daga nan har ta mutu ba za ta san ko ita yake so ko kwalba ba.

Ta tashi ta shiga ciki. Ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

Da kwalin zinaren ta fito.

"Kullum kana tambayata ya na ga turaren. Yau zan faɗa maka. Yana da kyau, Kamal, bai da makusa. Farkonsa daɗi, tsakiyarsa daɗi, ga daɗewa a jiki. Aibinsa ɗaya... duk wadda ta fesa, tata ce."

"Falta, don Allah..."

"Kai wa Tahira, kada nata ya ƙare kafin biki."

Ya daɗe a tsaye, sannan ta ji tashin motarsa. Sai a lokacin ta durƙushe a soron ta saki kuka mai cin rai, har Ya Gana ta dogaro sanda ta fito da ƙunshin humrar a hannu. Tsohuwar ba ta ce "ai na faɗa miki" ba. Tsumman nan ta kwance, ta cire murfin kwalbar, ta kamo hannun jikarta.

Falta ta fizge.

"Wa zan shafa wa, Kaka? Ya tafi!"

"Da aka haife ki na shafa miki ita a goshi. Yana nan a lokacin?"

Falta ta miƙa hannun tana shessheƙa. Ƙamshin ya tashi a hankali ya cika soron, wannan da ya taɓa sa wani mutum manta lissafinsa.

Ta kai wuyan hannun hancinta, ta shaƙa, ta ƙara fashewa da kuka.