Sunan da Inna Take Amsawa

Da azahar Nasiru ya dawo daga shagonsa na ɗinki, ya iske yayarsa Ramatu tsaye ƙofar gidansu a unguwar Bobiel, yatsa bisa baki.

"Kada ka yi sallama. Zo ka ji matarka da kunnenka."

Ya laɓe a zaure. Matarsa Latifa na durƙushe gaban mahaifiyarsa da kwanon dambu da kopto, kwaɗon zogale.

"Kande, buɗe baki mana," in ji Latifa. "Ci mu tafi rijiya, Kande, kada a riga mu."

Tsohuwa ta yi dariya, ta buɗe baki.

Nasiru ya ji da kunnensa. Sunan uwarsa gatsal a bakin suruka, sunan da ko marigayi babansu bai kira shi gaban mutane.

"Ka ji ko?" Ramatu ta raɗa masa. "Tun da yarinyar nan ta shigo gidan nan Inna ta juye. Takalmi cikin firigo wurin ruwan sanyi, sallar la'asar sau uku, ni da ta haifa tana tambayata ƴar wane ce. Amma wannan, ko ƙasa ta miƙa mata haɗiyewa za ta yi. Me take barbaɗa mata? Ka taɓa tambaya?"

Bai taɓa ba. Amma daga ranar idonsa bai bar hannun Latifa ba. In ta dama kunu sai ya sansana kofin. Ta tafi cefane kasuwar Petit Marché, ya zazzage akwatinta. Lalle da turaren wuta kawai ya samu, ya ce a ransa ai mai wayo ba ta ajiyewa a akwati. Daga ƙarshe ya tare ta.

"Sheri, masoyina, wallahi ba raini ba ne," ta ce, hawaye na zuba. "In na ce Inna, waigawa take tana neman wata. Ita a ranta budurwa ce a Damagaram, ni kuma ƙawarta…"

"Ya isa. Je ki gidanku tukuna."

Ta ɗauki mayafi. A bakin ƙofa ta juyo: "A bar mata abincin ya huce. Ba ta sanin zafi yanzu."

Ramatu ta karɓi girki tana hura hanci. "Inna, ga tuwo." Tsohuwa ta datse baki. Aka kawo rubutu, ta tunkuɗe. Aka yi hayaƙi, ta yi ta tari. Sai ta ɗaura ɗankwali ta zauna ƙofar gida, wai ƙawarta take jira. Wuyanta ya fara zurmawa.

Da abin ya tsananta suka sa ta a taksi zuwa likita. Lokotoro, wato likitan, ya ce, "Ba sammu ba ne. Ciwon mantuwa ne, ƙwaƙwalwa ke lalacewa a hankali. Na jiya ya kan fara tafiya, na ƙuruciya ya daɗe. Wa ke ba ta abinci a da?"

Nasiru da Ramatu suka dubi juna.

A gida Nasiru ya durƙusa da kwano, ya buɗe baki zai kira sunan. Harshe ya ƙi. Ya sake, kunya ta shaƙe shi. Nan ya gane abin da ƴar mutane take haɗiyewa kullum don uwarsa ta ci.

Ya hau moto, babur ɗinsa, ya tafi biko. Ya shirya magana doguwa, Latifa ta katse shi: "Ta ci?"

"Ba ta ci ba."

Ta riga shi fita.

Tana shiga gida ta ce, "Kande, na dawo."

"Ina kika shige, ja'ira?" Tsohuwa ta cafke hannunta. Loma na bin loma, Ramatu na gefe tana share ido da bakin zane, ta matso da ruwa ba a tambaye ta ba. Can tsohuwa ta ƙyafta ido wajen Nasiru, ta yi ƙasa da murya. "Wannan saurayin tun ɗazu ke yake kallo. In ya zo da magana kada ki ƙi shi."

"Ba zan ƙi shi ba," in ji Latifa.

To, ƴan mata da samari, ku buɗe kunne. In tsoho ya rikice, a kai shi likita kafin a nuna wa wani yatsa. Ladabi kuma ba a baki kaɗai yake ba. Ku duba wa ke riƙe da kwano. Inna ba ta warke ba, ciwon ba ya warkewa. Amma ba ta sake kwana da yunwa ba, Nasiru kuma bai sake sansana kofi ba.