Sunan Da Ba Ya Jikin Kofi

Da ƙarfe takwas na safiyar Asabar aka buga wa Sufeto Dale Fedoruk waya cewa an sace kofin Kyarketai.

"Wane kofi?" ya tambaya, don dai ya ji daɗin bakinsa. Kofi ɗaya tak ƙungiyar ta taɓa ci a shekara hamsin.

Garin Arlo mutum dubu biyu ne, da rumbun alkama ɗaya, da coci uku, da Kyarketai, ƙungiyar matasa ta hokin ƙanƙara, wasan kora faifan roba da sanda zuwa raga. An kafa ta a 1974 a kan tafkin da ke daskarewa bayan rumbun, kafin manoma su haɗu su gina mata fili mai rufi. Ta taɓa yin kaka biyu ba ta ci wasa ko ɗaya ba. Motarta ta taɓa ƙonewa ƙurmus a hanya. Amma a 1986 ta ciyo kofin lardi, kuma tun daga ranar garin bai sake neman wani labari ba. Gobe Lahadi za a yi bikin cika shekara hamsin, a sa wa filin sunan kocin da ya ciyo kofin, Merv Tollefson.

Fedoruk ya san kocin. Yana ɗan shekara sha bakwai Tollefson ya sallame shi a gaban yara ashirin, ya ce saniya ta fi shi iya juyawa a kan ƙanƙara. Shekara talatin da huɗu ke nan. Sufeto yakan ce ya manta.

A ƙofar filin ya tarar da Elwood Bilyk, mai kula da ƙanƙara, wanda ya buga baya a ƙungiyar 1986 kuma har yau bai huce da murna ba.

"Yallaɓai, a hankali, akwai santsi. Mun san tarihinka."

"Ni ma na san naka da kwalba. Ina kake jiya da yamma?"

"Nan nake, ban motsa ba har ƙarfe shida."

"To a gabanka aka fita da shi ke nan."

Elwood ya sosa ƙeya. "Na ɗan leƙa otal wajen ƙarfe uku."

"Ka dawo?"

"Ƙafata ba ta ba ni haɗin kai ba."

Suka shiga ɗakin sauya kaya. Akwatin gilashin da ake ajiye kofin yana buɗe, ba a fasa shi ba. A tsakiyar ɗakin akwai darduma mai hoton kan kyarkeci, kuma dokar ɗakin tun farko ita ce ba a taka kan. Wanda ya taka zai goge takalman kowa har sati guda.

Fedoruk ya durƙusa. Sawun takalmi mai gishirin da ake watsa wa titi saboda ƙanƙara ya bushe a kan dardumar. Ya taso daga ƙofa, ya kewaye kan kyarkecin, ya isa akwati, ya sake kewayewa ya fita. Kusa da kowane taku akwai ɗan tabo zagayayye.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji shi. "Ɗan gida ne, kuma da sanda yake dogarawa. Wa ke da mabuɗi?"

"Ni da Koci. Tun 1980 ba a canja makullin ba."

Sufeto ya nuna wata ƙusa a jikin bango. "Me ake ratayewa a nan?"

"Farar safar hannu mana. Wanda bai ci kofi ba ai ba ya taɓa shi da hannu tsirara. Kai ma da ka zauna cikinmu ko da wata ɗaya ne, da ka sani." Elwood ya dubi ƙusar. "Af, ita ma babu."

"Kai kana sa ta?"

"Ni? Ni da na ci shi?"

Merv Tollefson yana da shekara tamanin da ɗaya. Fedoruk ya same shi a falonsa, sanye da sabuwar kwat da zai sa gobe, sandarsa a kan cinya.

"Fedoruk. Ashe an samo maka aikin da ake yi a zaune."

"Koci, ina sandarka ta je jiya da yamma?"

"Zauren coci. Ina gwada jawabina a gaban mata goma sha biyu. Je ka tambaye su, ko ɗaya ba ta yi barci ba." Ya buga sandar a ƙasa. "Kofina ne. In zan ɗauka, da hannuna zan ɗauka, tsakar rana."

Wannan kam gaskiya ne, kuma Fedoruk bai ji daɗin hakan ba. Ya juya ga bango, inda hoton ƙungiyar 1986 ya cinye rabin falon. A kan tebur akwai takardar bikin gobe, ɗauke da sunayen da aka zana a jikin kofi. Ya ƙirga kawuna, ya ƙirga sunaye.

"Yara ashirin da ɗaya a hoto, ashirin a kofi. Wane ne wannan mai kayan gola a gefe?"

"Ban tuna ba. Yara ɗari nawa suka bi ta hannuna?"

Fedoruk ya tuna. Yana ɗan shekara sha uku a cikin 'yan kallo ranar wasan kusa da na ƙarshe, lokacin da faifan robar ya sami golan a gefen kai. An fitar da shi ranga-ranga. Bayan minti goma ya dawo raga, jama'a suka miƙe suna tafi, aka ci wasan.

"Rémi Lavallee," in ji shi. "A cikin mota ya faɗi a hanyar dawowa. Me ya hana sunansa hawa kofi?"

"Ba ya cikin jerin ranar wasan ƙarshe. Wanda ba ya ciki ba a zana shi. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

"Wa ya mayar da shi fili?"

"Shi ya roƙa."

"Ka ce ba ka tuna shi ba."

Tsohon ya nuna ƙofa da sandarsa. "Ka nemo mini kofina kafin gobe, in za ka iya abu ɗaya a rayuwarka."

Yawancin yaran Kyarketai daga nesa suke zuwa, kuma gidajen Arlo ne ke riƙonsu har kaka ta ƙare. Rémi ya zo daga arewa, ya yi shekara uku a gidan Olga Wasylenko, wadda a lokacin ita ke wanke wa ƙungiya riguna. Fedoruk bai buƙaci tambayar kowa ba.

Ta buɗe masa ƙofa da sanda a hannu. Gidan yana ƙamshin miyar kabeji.

"Dale, ɗan Halyna. Shigo, ka rame. Matarka ba ta dafa abinci ne?"

"Mama Olga, yaushe rabonki da filin wasa?"

"Shekara talatin da takwas. Na rantse ba zan sake taka shi ba."

"Mabuɗin da aka ba ki na wanki fa?"

"Yana ƙarƙashin kogi."

Ta zuba masa miya. Ya zauna, ya ɗauki cokali, ya ɗaga kai. A kan igiyar da ke saman murhu, tsakanin tsummokaran goge kwano, farar safar hannu tana ɗigar da ruwa.

"Mama, yaushe kika fara sa farar safa?"

Ta dubi igiyar, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ja tsaki.

"Baƙi ƙirin na same ta. Shekara nawa ba wanda ya wanke. Maza ke nan. Ka shanye miyarka tukuna."

Ya shanye. Ta kai shi ƙaramin ɗakin baya. Kofin yana zaune a kan gado, a kan tsohuwar rigar gola mai lamba talatin. An kankare sunan Merv Tollefson da magagarin marigayi mijinta har azurfar ta yi rami. A ƙarƙashinsa, da haruffa karkatattu da aka ja da tsinin ƙusa, an rubuta RÉMI LAVALLEE.

"Ina bayan benci da tawul a hannu ranar," in ji ta. "Da kunnena na ji. Yaron ya ce, Koci, bibbiyu nake gani. Shi kuma ya ce, to ka tare duka biyun. Bai roƙi komai ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wa ban faɗa wa ba? Kwamiti, limamin coci, jaridar gari. Kowa ya ce Olga, an ci kofi, ki bar mutane su yi murna. Tun daga ranar yaron bai sake haɗa magana daidai ba. Shekara talatin da takwas a gidan jinya, duk wata ina hawa mota in je in aske masa gemu. A watan Oktoba ya rasu. Mu huɗu muka binne shi, har da mai haƙa kabarin. Na sake rubuta wa kwamiti, na ce ko sunansa a ambata gobe. Ka san abin da suka aiko mini? Katin gayyata. Kujera ta sha huɗu."

"Kin kankare kofi da magagari, amma kin sa safa kafin ki ɗauke shi."

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta. "Ni ban ci shi ba, Dale. Shi ya ci."

Fedoruk ya fito da waya ya kira kocin. Ya gaya masa an sami kofi, da inda aka same shi, da abin da ke jikinsa yanzu. Muryar kocin ta yi laushin da Fedoruk bai taɓa jin ta da shi ba.

"Dale, ɗana, a bar maganar. Tsohuwa ce. Ka kawo shi, mu juya wancan gefen ga bango, babu wanda zai gani. Na yafe."

Olga tana jin komai. Ta kama hannun rigar Sufeto.

"Kada ka kuskura ka bar shi ya yafe mini. Kotu nake so. A kotu dole wani ya zauna ya rubuta abin da na faɗa, kuma dole a kira Koci ya rantse."

Fedoruk ya san yana iya rufe maganar a nan. Shekararta saba'in da tara, kofin ya dawo, mai ƙara ya janye. Ya dubi ramin da ke jikin azurfar, ya ga aikin ya yi kyau.

"Koci, an riga an shigar da rahoto, kuma kofin ba naka ba ne, na ƙungiya ne. Yanzu kayan shaida ne, zai zauna a ofishinmu har a gama shari'a. Gobe sai ku yi biki da akwatin."

"Fedoruk, kana da hankali kuwa? Mutum ɗari shida za su tambayi inda yake!"

"Sai ka gaya musu. Doka ce, ba ni na yi ta ba."

Ya kashe wayar.

Olga ta riga ta sa kwat ɗinta, ta kashe murhu. Ya gaya mata laifin da ake tuhumarta da shi da haƙƙinta na yin shiru, ta ce ta yi shirun da ya ishe ta. Ya buɗe mata ƙofar gaba, ta ƙi.

"Baya ake sa ɓarayi. Ka bi ta babban titi, a hankali, ka kunna fitilar nan ta sama. Yau Asabar, kowa yana kanti."

Ya zaunar da ita, ya koma ciki ɗauko kofin. Har ya miƙa hannu, sai ya tsaya. Ya je saman murhu ya cire safar daga igiya, ya sa ta da danshinta, sannan ya ɗauka.